Muryar Inna a Ɗakin Yaya

Yayana bai taɓa sayen takalmi a rana ɗaya ba. Zai shiga shago ya gwada ƙafa shida, ya taka, ya karkata kai kamar takalmin zai yi masa magana, sannan ya ce bari ya je ya yi tunani. Ruwan ido ne da shi tun yana yaro, kuma ban faɗi haka don in ci mutuncinsa ba. Inna da ta haife shi ma takan ce da ana zaɓen uwa, da har yanzu yana can yana dubawa.

A unguwa Kunne ake ce masa. Mutum ne da zai shigo gidanka, kafin ya amsa gaisuwa ya ce firjinka ya kusa mutuwa, kuma bayan wata guda firjin ya mutu. Shekara goma sha shida ya yi a shagon gyaran rediyo da lasifika, yana shaƙar hayaƙin dalma, har yatsunsa suka yi kanta. Daga nan ya koma bin masu taro da kayan sauti, shi ne mai jan waya, shi ne mai shan zagi idan makirufo ya yi kuka. Da ya gaji da zagin sai ya kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya na ƙuryar gidanmu, ya ce situdiyo zai buɗe.

Ɗakin taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Ya manna soso a bango, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya rataye bargo biyu a ƙofa. A kusurwa ya yanke wani lungu da katako, wanda bai fi kabad ɗin kaya girma ba, ya yi masa 'yar taga ta gilashi, a nan mai waƙa ke zama. Idan za a ɗauki murya sai an kashe fanka, saboda haka duk wanda ya shiga lungun nan a jiƙe yake fitowa. Amma ɗakin yana da shiru irin wanda ban taɓa ji a wani wuri ba. Idan ka haɗiye yawu sai ka ji kunyar kanka.

Aiki kuwa ya iya shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Samari masu waƙa suna zuwa, masu tallar makaranta da na sabulu suna zuwa. Ɗauka ba ta yi masa wuya. Abin da ke gagararsa shi ne ya ce an gama. Akwai wani mai waƙa da ya ɗauki baiti uku a wurinsa yana saurayi, bai karɓi waƙar ba sai da matarsa ta haihu.

Laifin na fulogin ne, in ji matar Yaya. Manhajar ɗaukar sauti ita ce babbar, a cikinta ake yin komai, fulogin kuma wasu ƙananan manhajoji ne da ake jerawa murya ta bi ta cikinsu, kowanne da aikinsa. Yaya yana da su sun fi ɗari biyu, kuma ya raɗa wa waɗanda yake so suna don mu gane. Akwai mai shara, shi ke kwashe hucin iska da gurnanin janareta. Akwai mai guga, shi ke miƙe murya idan ta karkace ko ta yi rawa. Akwai mai gadi, wanda ke buɗe ƙofa idan sauti ya yi ƙarfi, ya rufe idan ya yi ƙasa, don kada ƙananan ƙararraki su shigo tsakanin kalma da kalma. Masu shara kaɗai yana da goma sha ɗaya. Sai ya wuni yana kunna wannan ya kashe wancan a kan kalma guda, ni kuwa duk iri ɗaya nake ji.

Doka ɗaya gare shi, yana faɗa wa duk wanda ya zo koyo, har da waɗanda ba su tambaya ba.

"A ɗauko murya ɗanya," yakan ce. "Yadda ta fito daga baki haka za ka ajiye ta. Gyara riga ce, a sa a cire. Wanda ya ɗinke riga a jikin mutum ba tela ba ne."

Kwatancen nan daga Inna ya ɗauko shi, don ita tela ce. Shekara arba'in tana kan keken ɗinki a falon gidanmu, da shi ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ba ta yi makaranta ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Awon mutum hamsin yana kanta. Sunayen kakanninmu har bakwai, wa ya haifi wa, wa ya yi wa wa alheri a shekarar wahala, waƙar da ta yi wa kowannenmu yana goye, duk a bakinta suke, babu ko ɗaya a takarda. Muryarta ba mai zaƙi ba ce. Tana da kauri, tana da tsaga a tsakiya, kuma ƙarshen maganarta kullum ƙasa yake yi, sai ka matso kafin ka ji. Faɗa take farawa da ƙarfi, ta ƙare shi kamar rarrashi.

Shekara guda muryar tana dushewa muna cewa sanyi ne. Muka yi ta ba ta zuma da ruwan zafi, mu masu ilimi. Ranar da muka kai ta babban asibiti, likita ya leƙa da 'yar kyamara, ya fito da ni da Yaya baranda. Ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma idan ana son ranta sai an cire inda murya ke fitowa gaba ɗaya. Za ta rayu in Allah ya yarda, za ta ci, za ta yi tafiya, amma ba za ta ƙara magana ba. Ya ba mu kwana tara.

Inna ce da kanta ta kawo maganar a mota, muna hanyar gida. A lokacin magana ta zame mata azaba, ta ce kamar tana haɗiyar fasasshen gilashi.

"Kai da kake ɗaukar muryar 'ya'yan mutane, ɗauki tawa," ta ce wa Yaya. "Akwai abin da ban faɗa muku ba. Amma zama ɗaya zan iya, ka ji? Ba ni da na biyu."

"Za a yi, Inna. Za a yi yadda ba a taɓa yi ba."

Da na ji wannan "yadda ba a taɓa yi ba" na san za a sha jira, don na san ɗan'uwana.

Ni malamar firamare ce, sai an tashi nake zuwa. Rana ta farko na tarar da shi yana cewa tsohuwar manhajarsa ba ta dace ba. Shekara takwas yana aiki da ita, ya san ta kamar yunwar cikinsa, amma wai tana daskarewa idan ɗauka ta yi tsawo, kuma sau ɗaya ta taɓa cinye masa waƙa. Ya sauko da sababbi uku don ya gwada. Rana ta biyu ya zaunar da matarsa a lungu tana karanta bayan kwalin magani, yana ɗauka da wannan, ya ɗauka da waccan. Rana ta uku ya koma kan masu shara, saboda maƙwabcinmu ya sayi injin yankan katako, kuma ƙararsa tana ratso soson.

Inna tana ɗaki a kwance tana tattalin muryarta. Ko gaisuwa da hannu take amsawa. Idan ta ji motsin Yaya sai ta ɗago kai, idan ya wuce ta mayar.

Rana ta biyar na shiga situdiyon ban yi sallama ba.

"Yaya, saura kwana huɗu."

"Na sani, Auta. Saurara ki ji. Wannan da wannan, wanne ya fi?"

"Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Na biyun yana cin ƙasan murya. Inna kuma ƙasan ne nata."

"Ka ɗauka da tsohuwar mana. Ka ce ɗanya ake ɗauka, to ɗauki ɗanyar, ka yi shekara goma kana gyara in ka ga dama."

"In ta daskare a tsakiya fa? Zama ɗaya ta ce. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Mu kuma ba mu da daɗewar."

Ya sake kunna na farkon. Idanunsa sun yi ja, rigar da na gan shi da ita shekaranjiya ce a jikinsa. A lokacin haushi ya hana ni gani, amma yanzu na san tsoro ne ya riƙe shi. Muddin yana zaɓe, ranar ba ta zo ba.

Na fita na tafi ɗakin Inna, na ciro wayata. Na ce ta fara faɗa mini ko kaɗan ne, in ɗauka a waya, kafin sarkin zaɓe ya gama. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta ture hannuna a hankali.

"Na ɗana nake jira," ta ce, da ƙyar. "Kar ki karya masa gwiwa."

Na mayar da wayar jaka. Wannan nawa laifin ne, kuma ba na raba shi da kowa. Da na danna na ajiye ta a gefen filo ko ba ta sani ba, da yau ina da wani abu.

Rana ta bakwai da yamma ya zaɓi ɗaya daga cikin sababbin. Ya jera fulogin uku da ya fi yarda da su, mai shara, mai guga, mai gadi. Ya ce ba don gyara ya sa su ba, don ya ji yadda abin zai kasance ne yayin da ake ɗauka, ɗanyar kuwa tana ƙasa ba abin da zai taɓa ta. Mai gadin ya ƙara masa tsanani saboda injin katako.

Aka yi zaman da safiyar rana ta takwas. Inna ta yi wanka, ta sa atamfar da ta fi so, ta ɗaura ɗankwali kamar za a ɗauke ta hoto. Ta ce ba ta son kowa a kusa, kunya take ji. Ni da matar Yaya muka zauna a tsakar gida muna hana yara gudu. Ta shiga lungun ita kaɗai, ya rufe mata ƙofar katako, ya koma tebur ya sa abin ji a kunne.

Daga baya ya gaya mini cewa tun a minti na farko ya ji maganar tana yankewa. Ta cikin gilashi yana ganin bakinta yana motsi, a kunnensa kuma shiru. Ya gane mai gadi ne ke rufe ƙofa idan ta yi ƙasa da murya. Ya kai hannu zai tsayar da ita ya sassauta shi, sai ya ga yadda take dafe wuya kafin kowace jimla. Ya ce a ransa ba zai sa ta maimaita ko kalma ɗaya ba, ai ɗanyar tana nan, daga baya sai ya cire rigar. Ya bar ta ta ci gaba.

Awa biyu da minti goma ta yi. Ta fito atamfar ta manne mata a baya, ta dafa kafaɗata.

"Na sauke," ta ce. Fuskarta da walwala irin wadda na yi wata shida ban gani ba.

Da azahar muka kai ta asibiti aka ba ta gado. Yaya bai koma gida ba sai da aka yi aikin, aka fito da ita, ta buɗe ido. Kwana biyar yana kwana a bencin baranda. Likita ya ce aiki ya yi kyau.

A rana ta shida da kwantar da ita ya kira ni ina tsakiyar aji. Bai ce komai ba sai "Zo." Na tarar da shi a situdiyo, fanka a kashe, yana zaune hannuwansa a tsakanin gwiwa.

Ya ce ya buɗe abin da ya ɗauka don ya kashe fulogin ɗin ya ji ɗanyar, sai ya ga babu abin kashewa. A tsohuwar manhajarsa, duk inda ka sa fulogi, a kunne kawai yake aiki, abin da ake ajiyewa ɗanye ne. Sabuwar kuwa wuri biyu gare ta, ɗaya a bakin shiga, ɗaya bayan an ajiye. Duk abin da aka sa a bakin shiga, sai murya ta bi ta cikinsa kafin ta kai inda ake ajiya. A nan ya sa su. Mako ɗaya kacal ya yi da manhajar, bai sani ba. Da yake gwaji da matarsa, ita muryarta tsaye take kamar ƙaho, mai gadi bai taɓa rufe mata ƙofa ba.

"Kunna," na ce.

Wata mata ce ta yi magana daga lasifika. Muryarta santsi, babu tsaga, babu huci, kamar ta mai karanta labarai. Mai shara ya ɗauki dushewar Inna a matsayin datti ya kwashe, mai guga ya miƙe abin da ya rage. Na daure, na ce ko ba komai kalmomin nata ne. Sai matar ta ce, "Kakanku na wajen uba, sunansa na gaskiya," ta yi shiru. Shirun ba irin na mai numfashi ba ne, babu komai a cikinsa. Can ta dawo a farkon wata jimlar, ta sake nitsewa. Inna ba ta taɓa ƙare magana da ƙarfi ba ko tana da lafiya, balle tana ciwo. A cikin awa biyu da minti goma, abin da ke da sauti bai kai minti arba'in ba, kuma kusan duk kawunan magana ne babu jiki.

Na faɗa masa abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Na ce garin neman gira ya rasa mana ido. Na ce likita da wuƙa ya cire muryar Inna don ya ceci ranta, shi kuma da me ya cire ta, don ya ceci me? Bai ɗago ba. Da ya rama da na ji sauƙi.

Wata biyu ya yi yana nema. Ya kai kwamfutar wurin masu dawo da abin da aka goge, suka ce ba gogewa aka yi ba, abin bai taɓa shiga ba. Ya tambayi tsofaffin ma'aikatan rediyo, ya rubuta wa mutanen da bai sani ba a intanet. Muka bi wayoyin 'yan'uwa kaf, abin da muka samu shi ne tarinta a bayan wani bidiyon yara, da "Wa ke nan?" guda ɗaya. Har wata manhaja ya samo mai kwaikwayon murya, ka ba ta minti kaɗan ta saurara, sai ta faɗi duk abin da ka rubuta. Ta koyi muryar matar nan mai santsi tsaf. Ya zauna gaban wurin rubutun bai san me zai rubuta ba, ya kashe.

Masu waƙa suka yi ta zuwa yana cewa kayan sun lalace. Ya koma karɓar gyaran lasifika a bakin ƙofa, abin da ya rantse ya bari. Mutane suka daina ce masa Kunne a gabansa, ban san wa ya gaya musu ba.

Inna ta dawo gida da ɗan ƙyalle a wuya, yana rufe ramin da take numfashi ta ciki. Ta koyi tafa hannu idan tana kira, ta koyi nuna abu da baki. Kowace safiya idan Yaya ya shigo gaishe ta sai ta taɓa kunnenta, ta nuna wajen situdiyo. Shi kuma ya ce, "Ana gyarawa, Inna." Ni ma da na zage shi, haka nake ce mata.

Ranar wata Asabar da hantsi ta gaji da mu. Ta tashi da kanta, tana dafa bango, ta ratsa tsakar gida, ta ɗaga bargon ƙofar situdiyo ta shiga. Muka bi ta. Ta zauna a kujerarsa, ta nuna lasifika, ta tafa hannu sau ɗaya. Yaya ya dube ni. Na kau da kai. Ya kunna.

Da matar ta fara magana Inna ta haɗe gira, ta juyo ta dube shi, ta nuna ƙirjinta da alamar tambaya. Ya gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da ido kan lasifikar. Shiru na farko ya zo, ta jira. Na biyu ya zo. A na uku na ga ta gane. Ba ta yi kuka ba, hannunta ne kawai ya hau wuyanta ya tsaya a kan ƙyallen. Yaya ya durƙusa a gefen kujerar, ya buɗe baki, ta ɗora masa tafin hannu a ka ta bar shi a nan.

Ta yi masa alama ya matsa gaba, ya matsa. Ta sake yi, ya sake matsawa, har ya kai kusa da ƙarshe. Ta ɗaga hannu ya tsaya.

"Ke kuma Auta," in ji matar da ke cikin lasifika, "abin da nake so ki riƙe bayan ba ni da baki shi ne,"

Sautin ya yanke. Inna ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta kama hannuwana biyu, ta ɗora daga inda aka tsaya. Leɓɓanta suna motsi a hankali, tana buɗe baki sosai don in gane, ƙyallen wuyanta yana ɗagawa yana sauka. Na zuba mata ido har idanuna suka yi zafi. Na kama "ki", na kama wani abu mai kama da "yayanki", sauran ya wuce ni. Ta yi kusan minti uku.

Da ta gama ta ɗaga gira tana jira, yadda take yi idan ta ba mu saƙo. Na gyaɗa kai na ce, "Na ji, Inna." Ta sauke ajiyar zuciya, ta saki hannuna, ta miƙa wa Yaya nata ya tashe ta.